Dodon Teku a Gidan Tauhidi: Zaman Yahudawa da Almara

A cikin Talmud, babban kundin malaman Yahudawa da aka harhaɗa a ƙasar Iraƙi ta yau wajen ƙarni na 6 Miladiyya, akwai wurin da aka kasa wunin Ubangiji kashi huɗu. Sa'o'i uku na farko Yana karatun Attaura. Uku na biye Yana yi wa duniya shari'a, in Ya ga hukunci zai halaka ta sai Ya tashi daga kujerar hukunci Ya koma ta rahama. Sai wasu ukun Yana ciyar da halitta, tun daga ɓauna mai ƙaho har ƙwan kwarkwata. Ukun ƙarshe kuwa wasa Yake yi da Lewiyatan, wani ƙasurgumin dodon teku.

Musulmi ko Kiristan da ya ji wannan zai nemi tsari, kuma ba a ga laifinsa ba. Amma a duba su wane ne suka faɗa. Mutanen da safe da dare suke maimaita kalmar shahadarsu, wadda suke kira Shema, cewa Ubangiji ɗaya ne. Mutanen da kakanninsu suka ɗauki makami a kan an gurɓata Haikalinsu na Ƙudus da bautar Girkawa. Ba jahilan gari ba ne da baki ya suɓuce musu, su ne manyan malaman shari'ar addinin, kuma dodon ba su suka ƙago shi ba. Yana nan a Zabura, yana cikin littafin Ishaya, yana cikin Ayuba.

Abin da masana tarihin addinai ke nufi da almara a wannan fage shi ne labarin aikin alloli, ko na Ubangiji, a farkon zamani ko a ƙarshensa, wanda al'umma ke bayyana wa kanta da shi dalilin da ya sa duniya take yadda take. Ko ya auku ko bai auku ba tambaya ce ta daban. Abin da na gani a tarihin Yahudawa shi ne ba su taɓa korar almara ba, ba su kuma taɓa miƙa mata ragama ba. Sun hana ta yanke hukunci, sun bar mata baki ta yi magana. Kuma duk lokacin da wata masifa ta auka musu, wadda fiƙihu da falsafa suka rasa ta cewa a kanta, ita suke komawa su tasa.

An daɗe ana ba da amsa mai sauƙi: masu bautar gumaka ke da almara, Bani Isra'ila wahayi da tarihi gare su. Masu tonon ƙasa ne suka dagula wannan lissafi. A watan Disamba na 1872 wani ma'aikacin gidan tarihin Birtaniya, George Smith, ya tsaya gaban taro a Landan, har firaminista Gladstone na zaune, ya karanta wani allon yumɓu da aka tono a kufan Nineba, daura da Mosul. Labarin wani ne mai suna Utnafishtim, wanda ɗaya daga cikin alloli ya tsegunta masa cewa ruwa zai ci duniya. Ya sassaƙa jirgi, ya loda iyali da dabbobi, jirgin ya tsaya kan dutse, ya saki kurciya da tsattsewa da hankaka, sannan ya fito ya yi hadaya. A 1876 Smith ya fitar da labarin halitta na Babila, inda Marduk ya kashe Tiamat, uwar ruwan teku, ya tsaga gawarta biyu, ya yi sama da rabi, ƙasa da rabi. Kafin a ankara, a 1902, wani masani Bajamushe, Friedrich Delitzsch, yana gaya wa taro a Balin, gaban sarki Wilhelm na biyu, cewa abu mai yawa a Attaura daga Babila aka kwaso shi. Laccocin da ya yi bayan haka sun nuna akwai ƙin Yahudawa a cikin maganar, ba ilimi zalla ba.

Mumini zai ce ruwan Ɗufana ya auku, don haka ba mamaki kowace al'umma ta riƙe labarinsa. Masanin jami'a zai ce wani ya ara daga wani. Duk wanda ka bi, inda labaran suka rabu ya fi inda suka haɗu koyarwa. A wata tsohuwar riwayar Babila, dalilin ambaliyar shi ne mutane sun yi yawa, hayaniyarsu ta hana allahn nan Enlil barci. Da ruwa ya tafi da masu yin hadaya sai yunwa ta kama allolin, shi ya sa da suka ji ƙanshin hadayar wanda ya tsira suka yanyame ta, allon da kansa ya ce kamar ƙudaje. A littafin Farawa, na farko a Attaura, kuwa dalilin shi ne duniya ta cika da zalunci, kuma labarin ya ƙare da alkawari da dokar hana zubar da jini. An ɗauki labarin da allolinsa ke da rauni da son zuciya, an mai da shi shari'a a kan halin ɗan Adam.

A kan irin wannan bambanci Yehezkel Kaufmann, malami a Jami'ar Ibrananci ta Ƙudus, ya gina babban aikinsa kan tarihin addinin Isra'ila, wanda ya fito juzu'i juzu'i daga 1937 zuwa 1956. Hujjarsa mai ƙarfi ce. Allolin maƙwabta ana haifarsu, suna aure, suna mutuwa, akwai ƙaddara da tsafi da suka fi ƙarfinsu. Ubangijin Attaura ba Shi da uba, ba Shi da labarin haihuwa, babu wani abu a samanSa. Babin farko na Farawa shaidarsa ne. Ruwa na nan, duhu na nan, amma babu yaƙi, umarni kawai ake bayarwa abu ya kasance. Rana da wata, waɗanda maƙwabta ke bauta wa, ko sunansu ba a kama ba, an ce da su babbar fitila da ƙaramar fitila. Manyan dodannin ruwa kuma an jera su cikin halittun rana ta biyar, tare da kifaye da tsuntsaye. Wanda ya san labarin Marduk zai ji cewa babin raddi ne, an yi shi cikin natsuwa ba tare da an ambaci sunan abokin gardama ba.

Sai dai Attaura da littattafan da ke biye da ita ba babi ɗaya ba ne, kuma waƙoƙin cikinsu ba su bi Kaufmann ba. A 1928 garmar wani manomi ta ci karo da wani kabari a gaɓar tekun Siriya, a shekarar da ta biyo Faransawa suka fara tono a Ras Shamra, tsohon birnin Ugarit da ya rushe wajen shekara 1200 kafin haihuwar Annabi Isa. Harshen allunan ɗan'uwan Ibrananci ne na kusa. A cikinsu Ba'al, allahn hadari, yana yaƙi da Yam, wato teku, kuma ana yi masa kirari da cewa ya kashe Lotan, maciji mai gudu, maciji mai murɗewa, mai kai bakwai. Buɗe Ishaya sura 27: a ranar nan Ubangiji zai hukunta Lewiyatan, maciji mai gudu, maciji mai murɗewa, Ya kashe dodon da ke cikin teku. Kirarin ɗaya ne kusan kalma da kalma, alhali akwai ɗaruruwan shekaru tsakanin rubutun biyu. Ashe labarin yana yawo a bakin mutanen yankin duk tsawon lokacin nan, kuma annabawa da mawaƙan Isra'ila sun san masu sauraronsu sun san shi.

Abin lura shi ne lokacin da suke ɗauko shi. Zabura ta 74 kuka ce bayan an ƙone wuri mai tsarki, kuma mafi yawan masana sun tafi a kan rushewar Haikali a hannun Nebukadnezzar ne, a 586 kafin Miladiyya. Mawaƙin ya ce abokan gaba sun shiga da gatari suna sara, babu sauran annabi, babu wanda ya san ranar ƙarewar abin. Ya tambayi Ubangiji don me Ya janye hannunSa. Daga nan sai ya juya: ai Kai ne Ka raba teku da ƙarfinKa, Kai Ka farfasa kawunan Lewiyatan. Ba darasin halitta yake bayarwa ba, tuni yake yi, irin na wanda ruwa ya kai masa wuya: Ka taɓa yi, sake yi. Ishaya sura 51, wadda ke magana da waɗanda aka kwashe zuwa Babila, ta ƙara wani abu. Tana kiran hannun Ubangiji ya farka kamar a zamanin da, lokacin da ya daddatse Rahab, wani dodon teku, ya soke dodo, kuma ba tare da an numfasa ba ta ce shi ne ya busar da teku ya yi wa waɗanda aka fansa hanya. Yaƙin farkon zamani da tsallake tekun da Musa ya yi sun zama labari guda. Ezekiyel ma da zai yi wa Fir'auna magana, babban dodon da ke kwance a Nilu ya kira shi. Jon Levenson na Jami'ar Harvard, a littafinsa na 1988, ya karanta waɗannan wurare da cewa a idon marubutan an ɗaure ɓarna ne, ba a kawar da ita ba, kuma mai kuka yana da bakin tambaya me ya sa aka sassauta igiyar. A ganina Kaufmann ya yi daidai a rabi. Almarar asalin Ubangiji ta mutu a Isra'ila, babu ko ɓurɓushinta. Almarar gwagwarmayarSa da ɓarna ce ba ta mutu ba, don mutanen da ake kwashewa bauta suna bukatarta.

A ƙarshen littafin Ayuba dodon ya sake fitowa, amma a wani matsayi. Ana tambayar Ayuba ko zai iya kama shi da ƙugiya, ko ya zura masa igiya a hanci, ko ya ɗaure shi 'yan matansa su yi wasa da shi. Abokin gabar Ba'al ya koma kamar kurar gardi, da takunkumi a baki, ana nuna ta don a san ƙarfin mai riƙe da sarƙar. Ayuba ya nemi dalilin wahalarsa, wannan aka nuna masa maimakon dalili.

Akwai kuma inda aka ga alamar an toshe bakin labari da gangan. Farawa sura 6 ta ba da ayoyi huɗu kacal a kan wasu da ta kira 'ya'yan Allah, waɗanda suka ga 'yan matan mutane suka aure su, aka haifi ƙatti. Daga nan ta wuce abinta. Littafin Anuhu, wanda Yahudawa suka rubuta sassansa na farko wajen ƙarni na 3 kafin Miladiyya, ya buɗe labarin: mala'iku 200 ne suka sauka kan dutsen Harmon, suka koya wa mutane ƙera makamai da kwalliya da sihiri. Wato ɓarna daga sama ta sauko. An sami gutsattsarinsa da Aramiyanci a kogunan Kumran da aka fara ganowa a 1947, shaidar cewa an karanta shi sosai. Amma malaman da suka tsara addinin bayan haka ba su sa shi cikin littattafai 24 masu tsarki ba, har aka ruwaito Rabbi Shimon bar Yohai yana fassara ayar da 'ya'yan alƙalai, yana la'antar mai cewa 'ya'yan Allah. Ba don cocin Habasha da ta adana littafin da harshen Ge'ez ba, da cikakkensa ya ɓace.

Mutum zai zaci malaman da suka yi wannan tsantseni za su rufe ƙofar gaba ɗaya. Akasin haka aka gani. Bayan Rumawa sun rushe Haikali na biyu a shekara ta 70 Miladiyya, almara ta yi yabanyar da ba ta taɓa yi ba, kuma a cikin makarantun fiƙihu. Talmud ta ce da Ubangiji zai halicci duniya Ya umarci sarkin teku ya haɗiye ruwa, ya yi gardama, Ya shure shi ya mutu. Ta ce Lewiyatan biyu ne, mace da namiji, an yanka macen an sa mata gishiri don walimar salihai a ƙarshen zamani, da fatar namijin kuma za a yi musu rumfa. Waɗannan masu sauƙi ne. Masu nauyin su ne na baƙin ciki. An ce a kowane sulusin dare Ubangiji Yana ruri kamar zaki, Yana cewa kaiton 'ya'yan da saboda zunubinsu Na rushe gidaNa Na warwatsa su cikin al'ummai. An ce in Ya tuna wahalarsu hawaye biyu ke ɗiga cikin Bahar Rum, ƙararsu ita ce girgizar ƙasa. An ce duk inda aka kore su, Shekina, wato kasancewar Ubangiji tare da su, ta bi su gudun hijira. Michael Fishbane na Jami'ar Chicago ya nuna a 2003 cewa malaman ba daga iska suke ɗauko waɗannan ba, kowanne sai sun rataya shi a jikin wata aya, kuma sukan raka shi da wata kalma, kibyakol, mai nufin in da za a iya faɗin haka. Suna faɗa suna ja da baya a lokaci guda.

Me ya ba su wannan ƙarfin hali? Katangar da suka gina tsakanin ilimi iri biyu. Akwai halaka, wato hukunci: abin da za a ci, yadda za a kiyaye Asabar, aure, saki, gado. Nan ba wasa, ana ƙidaya ra'ayi, ana yanke magana, kowa ya bi. Akwai kuma agada, wato duk abin da ba hukunci ba: ƙissa, wa'azi, misali, tafsirin buɗe zuciya. Nan ba a yanke magana. Malamai biyu za su faɗi abu biyu masu karo da juna, a rubuta duka a wuce. A shafin Talmud ɗaya wani ya ce Ayuba bai taɓa rayuwa ba, misali ne kawai, aka yi masa raddi, aka kuma adana maganarsa. Addinin da ya ɗora nauyinsa a kan aiki yana iya sakin linzamin labari, don ba labarin ke riƙe da jama'a ba. Duk da haka akwai iyaka: Mishna, kundin hukunce-hukuncen da aka gina Talmud a kansa, ta hana a yi bayanin sirrin halitta gaban mutum biyu, na karagar da Ezekiyel ya gani kuwa ko gaban mutum ɗaya, sai in mai hikima ne.

Wani abu daga wannan rumbu ya iso har zaurukanmu. Attaura ta ambaci Og, sarkin Bashan, ta ce gadonsa na ƙarfe kamu tara ne a tsawo, huɗu a faɗi. Iyakar abin ke nan. Talmud ta ce ya ciro dutse mai girman sansanin Isra'ila zai danne su, ƙwari suka huda dutsen ya zarme masa a wuya, Musa mai tsawon kamu goma ya ɗauki gatari mai kamu goma ya yi tsalle kamu goma, duk da haka a idon sawu ya same shi. Wanda ya taɓa jin labarin Uju ɗan Unuƙu a wajen masu ƙissa ya gane shi. Irin waɗannan ne malaman Musulunci ke kira Isra'iliyyat, kuma Ibn Kasir ya yi watsi da wannan labarin a tafsirinsa. Abin dariyar shi ne a gidan da ya fito ma ba a taɓa wajabta wa kowa gaskata shi ba.

A ƙarƙashin daular Musulunci ne aka tilasta wa malaman Yahudawa su fito su faɗi matsayin agada ƙarara. A Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa ana muhawara da hujjar hankali, Mu'utazilawa na tashe, kuma Karaiyawa, wani ɓangaren Yahudawa da ya ƙi Talmud, suna tattara labaran hawaye da ruri suna yi wa malamai gori da su. Daga baya Ibn Hazm ya yi irin wannan suka a Andalus. Sa'adiya Gawon, haifaffen Fayyum ta Masar, wanda ya fassara Attaura zuwa Larabci ya rasu a 942, ya kafa ƙa'ida: ana barin aya a zahirinta sai in ta saɓa wa abin da gaɓɓai suka shaida, ko hankali, ko wata ayar, ko ingantacciyar riwaya. Shugabannin makarantun Iraƙi da suka biyo shi, irin su Hai Gawon da ya rasu a 1038, suka ce ba a kafa hujja da agada.

Musa bin Maimun, haifaffen Ƙurɗuba, likita a fadar Ayyubawa, wanda ya rasu a Fusɗaɗ a 1204, shi ya kai wannan hanya ƙarshenta. Ya kasa masu karanta maganganun malamai uku. Na farko sun ɗauke su a zahiri sun gaskata, suna zaton girmamawa suke yi alhali suna zubar da mutuncin addinin. Na biyu sun ɗauke su a zahiri sun yi dariya. Na uku, waɗanda ya ce sun yi ƙarancin da da ƙyar a kira su ƙungiya, sun gane cewa masu hikima da kacici-kacici suke magana. A Dalalatul Ha'irin, wanda ya rubuta da Larabci cikin haruffan Ibrananci wajen 1190, ya bi hannu da ƙafa da zama da sauka da aka jingina wa Ubangiji ɗaya bayan ɗaya yana yi musu tawili. Bai tsaya nan ba. Ya ce baƙi ukun da suka zo wa Ibrahim, da kokawar Yaƙub da mala'ika, da jakar Bal'amu mai magana, duk a wahayi aka gan su, ba a fili ba. Ya kuma sa mai cewa Ubangiji na da jiki cikin 'yan bidi'a, har wani babban malami na kudancin Faransa, Abraham ben Dawid, ya rubuta a gefen littafin fiƙihun da aka faɗi hakan a ciki cewa waɗanda suka fi Ibn Maimun sun tafi a kan haka, saboda abin da suka gani a ayoyi da agada.

Nahmanides, babban malamin Yahudawa na Girona a Sifaniya, ya fi kowa iya raddin. In kokawar Yaƙub mafarki ce, ya tambaya, me ya sa ya wayi gari yana ɗingishi? Amma shi ma da ranar ta zo, katangar nan ya fake da ita. A muhawarar Barsalona ta 1263, gaban sarkin Aragon, wani Bayahude da ya koma Kirista ya kawo agadar da ke cewa an haifi Almasihu ranar da aka rushe Haikali. Nahmanides ya amsa cewa irin waɗannan kamar huɗubar mai wa'azi ce, wanda ya gaskata ya yi kyau, wanda bai gaskata ba babu laifi.

Falsafa ta tsarkake tauhidi, amma ta bar mutane da Ubangijin da ba a iya cewa komai a kanSa sai abin da ba Shi ba ne. Mai makoki ba ya samun abin riƙewa a nan. Ba a cika shekara ɗari da rasuwar Ibn Maimun ba littafin Zohar ya ɓulla a Kastil, ta hannun Musa de Leon, an jingina shi ga Shimon bar Yohai, wato mutumin nan da ya la'anci masu cewa 'ya'yan Allah. A cikinsa Ubangijin da ba Shi da iyaka Yana bayyana ta matakai goma, akwai ɓangaren namiji da na mace, zunubin mutane na raba su, ibada na haɗa su. Sai Ishaƙ Luriya, wanda ya koyar a garin Safad na Galili kimanin shekara biyu kawai kafin ya rasu a 1572, ya zo da labari mafi girma. Kafin halitta Ubangiji Ya janye kanSa don a sami wuri. Ya zuba haskenSa cikin wasu tukwane, suka kasa ɗauka suka fashe, tartsatsin hasken ya faɗa cikin ɓawon duhu. Tun ran nan komai ba a mazauninsa yake ba, kuma duk umarnin da Bayahude ya cika yana ɗaga wani tartsatsi ya mai da shi gida. Gershom Scholem, wanda ya farfaɗo da nazarin Kabala, wato wannan ilimin sufanci na Yahudawa, a laccocinsa da aka buga a 1941, bayan masana ƙarni na 19 irin su Heinrich Graetz sun yi mata kallon abin kunya, ya ga amsa ce ga korar Yahudawa daga Sifaniya a 1492. Moshe Idel ya musanta wannan alaƙa. Ko ma dai yaya ne, labarin ya gaya wa warwatsattsun mutane cewa warwatsuwarsu aiki ce aka aike su.

Haɗarin ya fito a 1665, da Natan na Gaza ya shelanta cewa Shabbetai Sebi, mutumin Izmir, shi ne Almasihu. Daga Yaman har Amsterdam jama'a suka ruɗe. Shabbetai ya soke azumin tunawa da rushewar Haikali ya mai da shi biki, ya ci kitsen da Attaura ta haramta yana sa albarka a kai. Da aka kai shi fadar Sultan Mehmed na huɗu a Edirne a 1666 ya musulunta don ya tsira da ransa, sai mabiyansa suka ce ai dole Almasihu ya nutsa cikin ɓawon duhu ya kwato tartsatsin ƙarshe. A karon nan labari ya tsallake katanga ya soke hukunci, kuma malamai ba su manta ba. A 1756, bayan wata fitinar mai kama da wannan a Folan, taron malamai a Brody ya hana karatun koyarwar Luriya kafin mutum ya kai shekara 40.

Gardamar zamaninmu ta koma wani wuri, inda katangar ba ta da amfani. Ba wanda zai kore ka daga majami'a don ka ce walimar Lewiyatan misali ce, kuma manyan malamai masu riƙo irin su Abraham Ishaƙ Kuk ba su ga saɓani tsakanin kwana shidan halitta da binciken kimiyya ba. Fitowa daga Masar da saukar Attaura a Sina'i su ne wurin ciwo. Mishna ta ce a kowane zamani wajibi ne mutum ya ɗauki kansa kamar shi ne ya fito daga Masar, kuma a daren Idin Ƙetarewa kowane gida yana zama ya ci gurasa marar yisti da ganye mai ɗaci yana ba 'ya'yansa labarin da bakin wanda abin ya same shi. Masu tonon ƙasa kuwa sun sami sunan Isra'ila a dutsen Fir'auna Merneptah na wajen 1208 kafin Miladiyya, amma ba su sami sawun maza 600,000 da iyalansu a hamadar Sina'i ba. Marubuci Ahad Ha'am ya ce a 1904 ko da masana za su tabbatar da wani abu daban game da Musa na tarihi, Musan da ya yi shekaru dubbai yana jan al'ummar gaba shi ne mai tasiri, kuma ba a tono shi da shebur. Masu riƙo da gargajiya ba su karɓi wannan ba, kuma hujjarsu a fili take. Tun ƙarni na 12 Yahuda Halebi ya kafa gaskiyar addinin a kan cewa al'umma guda ta tsaya ta shaida Sina'i. Lewiyatan ba ya ɗauke da hukunci ko ɗaya. Sina'i kuwa hukunce-hukunce 613 ne a kansa.

Shi ya sa Louis Jacobs, ɗaya daga cikin malaman Yahudawan Ingila mafi zurfin karatu, da ya rubuta a 1957 cewa Attaura ta zo daga Ubangiji amma ta hannun mutane da tsawon zamani, bai tsira ba, ko da yake shi kansa mai kiyaye Asabar da dokokin abinci ne. Babban malamin Yahudawan Birtaniya, Israel Brodie, ya hana shi shugabancin kwalejin horar da malamai, a 1964 kuma ya hana shi komawa limancin tsohuwar majami'arsa a Landan. Jama'a da yawa daga cikinta suka fice tare da shi suka kafa tasu, kuma daga nan reshen Birtaniya na Masorti, wata ɗariƙar Yahudawa mai kiyaye hukunci tana karɓar binciken tarihi, ya samo asali.